Tafinta a Cikin Kwamfuta

Riyal ɗari da hamsin na biya a Harajin Sawarih.
Tsohuwar kwamfuta, harafi biyu sun ɓalle,
fankarta na tari kamar ɗan shisha.
Windos ta yi mata nauyi, na sauke mata kayan,
na ɗora mata Linuks, ta miƙe tana numfashi.

Juwairiya ta zo da faifan tseren motoci
da aka zubar a gidan da innarta ke aiki.
Ta ce, Kawu, kunna min.
Faifan ya juya, ya juya,
ya leƙo ya ce nan ba garinsu ba ne.

Na san wannan maganar.
Shekara ashirin da uku ina jin ta a Jidda
ta ƙaramar taga, daga bakin mai hatimi.

Akwai wata manhaja, sunanta da Turanci giya,
ban dai faɗa wa liman ba.
Ba ta sa maye, tafinta ce:
wasa ya nemi ƙofa da yarensa,
ta juya ta gaya wa mai gida da nasa,
ta dawo ta ce bismilla.
Takan yi masa 'yar ƙarya ma,
ta zana masa layin unguwarsu a bango
don kada ya gane shi baƙo ne.

Daren farko baƙin allo, sai kiɗa.
Na biyu motoci suka fito babu ƙasa a ƙarƙashinsu,
suna sheƙa gudu a sarari kamar aljanu,
Juwairiya ta yi dariya har shayi ya zube.
Daga nan sauti ya gudu, fuskar direba ta koma koriya.
Na zauna ina bin jajayen layuka da yatsa
har aka kira assalatu a masallacin Gulel,
ina neman fayil guda da ya ɓata
kamar mai neman takalminsa a ƙofar Harami.

Ran Alhamis na rage inuwa, na kashe hayaƙin taya,
na koma ga tsohon zubin tafintar,
wanda wani bawan Allah, ban san ƙasarsu ba,
ya gyara kyauta ya tafi abinsa.
Sai ga titi. Ga duwatsu, ga ruwan sama a gilashi.

Har yau in an zo gada ta uku
hoton kan sandare na ƙiftawar ido.
Yarinyar ta haddace wurin,
tana taka birki tun kafin ta iso,
a wurinta rami ne, kowane titi da nasa.
Da Larabci take zuga motar,
in ta daki bango sai Hausa ta fito.

A bayan kwalin an jera injinan da aka yarda da su.
Na duba sau biyu, babu namu.
Na kife shi a ƙarƙashin kwamfutar
don fanka ta sami iska.