Ɗan Marini a Ɗakin Injina

Shida da rabi Baraka ta leƙo ɗakina,
ta ce, "Shitu, ajiye shayin nan ka taso.
Baƙon da za mu haɗa da shi a labaran bakwai,
fuskarsa ta koma ganyen zogale,
jar darar kansa ta yi ruwan goro,
farar rigarsa ce kaɗai ba ta sauya launi."

Ɗakin injina sanyi kamar cikin randa.
Dikoda ta uku daga ƙasa, ita ce mai laifin,
wadda Malam Ɗanjummai kafin ya yi ritaya
ya liƙa wa takarda a goshi: "Kar a taɓa."
Na durƙusa gabanta, na ce, Malam, yafe ni.

Lokaci na fara dubawa.
Agogo ɗaya ke limanci a gidan nan,
kyamara da rikoda duk sahunsa suke bi.
Ita wannan ta makara, ta tarar an yi ruku'u,
shi ya sa hoto ke zabura in an juyo kanta,
ga baƙin zare ya sauko ta gefen hagu.
Na matsa ta layi ɗaya, na ƙara rabin layi,
sannan abin da bai kai a kira shi komai ba.
A nan ƙiftawar ido tafiyar wuni ce,
yatsa ke aiki, amma haƙuri ne mizani.

Sai launi.
Na kira sandunan gwaji suka jeru a allo.
A madubin awo ɗigo shida ne, kowa da ɗakinsa,
yau duk sun fito sun tsaya ƙofar maƙwabci,
ja na leƙen rawaya, rawaya na leƙen kore,
ba wanda ya ɓata, kowa dai ya goce,
kamar an juya faifai da hatsinsa a kai,
ba a zubar ba, an dai sauya masa mazauni.

Ina murɗawa sai na ga hannun Baba,
shuɗi har wuyan hannu, sabulu ya gaji da shi.
A Ƙofar Mata, ina ɗan shekara tara,
ya tsamo ƙyalle daga karofi, kore shar.
Na ce, "Baba, ya lalace!" Ya yi dariya,
ya ce, "Tsaya, iska ba ta gama magana ba."
Muna tsaye kore ya sulale ya zama shuɗi.
Ran da na ce makarantar waya zan tafi
bai hana ni ba, ya dai dubi ramin ya ce,
"To, wa zan bar wa rini?"

Na zarce. Baƙo ya koma ruwan makuba.
Baraka ta ɗaga yatsu huɗu ta bayan gilashi.
Na dawo baya, digiri biyu, digiri ɗaya,
na riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura.
Ɗigo shida suka shige ɗakunansu tare,
fuskar mutum ta dawo ta mutum, mai jini.

Bakwai ta buga, aka yi sallama.
Mai shayin Fagge bai ɗago daga tukunyarsa ba,
a Kurna da Gwammaja ba wanda ya ce madalla.
Aikinmu sai ya ɓaci ake sanin da mu.
Ƙarƙashin rubutun Malam na sa biro:
"Na taɓa. Digiri tara. Ta ji magani."

Goma saura na isa gida, Baba na zaure,
ya ƙure maɓallin kalar talabijin ɗinsa,
kowa a ciki ja wur kamar an tsoma shi a manja.
Hannuna ya miƙe da kansa, na mayar da shi aljihu.
Ya ce, "Shitu, yau kam kun kyauta,
zauna ka gani."