Zafin da Ya Tsere

A hawa na huɗu, a Wuse,
an dire mini fayil mai nauyin bulo.
Masu tashar wuta ne ke neman ƙari.
Kwal ya yi tsada, in ji su,
tirela ta yi tsada,
dala ta yi tashin gwauron zabi.
Aikina in tankaɗe wannan kuka, in rairaye shi,
in ga naira nawa za ta faɗo kan yunit guda.

Injiniya Shekwolo ya jawo kujera,
ya zana tukunya a bayan ambulan.
Ya ce: zuba mata kwal tan uku,
zafin ɗaya ne zai hau waya ya je gidan mutane.
Na ce, biyun fa?
Ya nuna taga da biro.
Bututu ya sha nasa, ruwan sanyaya inji ya sha nasa.
In tukunyar ta tsufa kuwa,
ko ɗayan ma ba ya cika.

A shafi na sittin da biyu na tsaya.
Sun auna kwal ɗin da ruwan damina a jikinsa.
Ashe har danshi za mu saya.

Da magariba na sauka a Dutsen Alhaji.
Iya Tabawa na bakin kwalbati da tandarta,
tana juya masa da tsinke, ba ta ko kallo.
A gefen murhunta akwai tabon yumɓu,
sabo, bai gama bushewa ba.
Wata biyu, ta ce, yana tsage,
yana cin gawayi kamar gara,
buhun sati ya koma na kwana huɗu.
Na ce, Iya, ai da kin ƙara kuɗin masa.
Ta dube ni kamar na zagi mahaifinta.
In gawayi ya tashi a kasuwa, ina ƙarawa,
kowa ya sani, ba na jin kunya.
Amma tsagar murhu tawa ce.
Mai sayen masa ne ya fasa mini?
Kowa ya ɗebo da zafi, ɗana, bakinsa.

Ta zuba mini shida, ta ɗora gyara ɗaya.

A gida mita na kuka kamar ɗan tsako.
Saura yunit huɗu.
Na kashe firji, na bar wa Lurwanu ƙwai guda
saboda jarrabawarsa ta jibi.
Ta katanga ina jin Sallau mai walda
yana lissafi da ƙarfi, shi da bango:
ƙofa biyu, taga uku, kuɗin wuta,
sai ya sake daga farko,
ko amsar za ta ji tausayi.

Ban yi barci sosai ba.
Ina tunanin hayaƙin da bai san sunan Sallau ba,
yana hawa sama da kuɗinsa a aljihu.

Da safe na ja layi a tsakiyar shafi.
A dama na sa kuɗin kwal busasshe,
da hayar tirela, har da taya da ta fashe a hanya.
Wannan bashi ne, mu biya.
A hagu na sa danshi,
da tukunyar da aka ƙi gyarawa shekara shida,
da zafin da ya tsere ta tsaga.
Ƙarƙashinsa na rubuta: na mai murhu ne.

Na san jan biron Oga.
Na san taron da za a yi ba da ni ba,
da shayi, da ruwan roba, da murmushi.
Duk da haka na buga lambar,
naira da kwabo, har ɗigo biyu.

Ina kai hannu zan adana
aka ɗauke wuta.
Can ƙasa janareta ya yi tari sau biyu.
Shekwolo ya yi dariya a cikin duhu,
ya miƙo mini ambulan ɗinsa da biro.