Baƙuwa a Bayan Dutse

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan ruwa na Malali
ina raba kogin Kaduna da laka,
ina awon alam, ina awon kulorin,
har harshena kan riga na'ura faɗin gaskiya.
Yau ga ni a Unguwar Dosa, da fansho da furfura,
ina zuba wa ruwa gishiri da gangan,
gwangwani bayan gwangwani, ido a kan ma'auni.
Lantana ta leƙo ta ce, "Wannan miyar ta wace ce?"

Ban taɓa ganin teku ba.
Shi ne ya aiko mini da 'yarsa
a motar dare daga Legas, cikin kula, ƙulle a leda biyu.
Furen teku, in ji mai sayarwa.
Ba fure ba ce.
Dabba ce mai ƙafa ɗaya, baki a tsakiyar jiki,
yatsu sun fi ɗari, kowanne da harbinsa.

Yaron ya gaya mini a waya:
"Baba, bar tankin ya kwana biyu.
Wata shida, sai duwatsun sun yi rai."
Na ƙirga mako bakwai na ce ya isa haka.
Ni za a koya wa ruwa?
Sauri ya haifi nawa.

Na gina mata mazauni a tsakiya, daidai ƙasan fitila.
Da asuba na tarar ta tashi.
Kwana uku tana jan jiki, taƙi ɗaya a yini,
har ta doshi bakin famfo.
Na yage gefen gidan sauro na ɗaure masa baki
kafin ya markaɗe ta.
Ta wuce, ta lafe a bayan dutse,
ta bar ni da kallon gilashi.

Sai ta fara fari.
Zulai jikata ta tafa hannu, wai ta zama amarya.
Ni na san farin nan yunwa ce:
'yan hayar da ke zaune a fatarta,
masu dafa mata abinci da haske,
sun kwashe kayansu.

Daren Afrilu, wuta ta ɗauke.
Famfo ya yi shiru, ruwa ya kwanta kamar na randa,
ma'aunin zafi ya haura talatin.
Na buɗe firjin Lantana na kwaso zoɓon sayarwa,
gora goma sha huɗu, ƙanƙara zalla,
na jefa su suna iyo ɗaya bayan ɗaya.
Na zauna da ludayi, in ɗiba in zuba, in ɗiba in zuba,
tsoho ya zama igiyar ruwa.
Ƙarfe biyu Bulus ya ji motsi ta katanga,
ya jefo waya daga batirin solarsa.
"Kifi ne ba lafiya?"
"Ba kifi ba."
"To mene ne?"
Na rasa amsa. Na ce baƙuwa ce.

Tun daga ranar na koyi naɗe hannu.
Ba na matsar da dutse, ba na sauya fitila.
Abin da ya ƙafe na cika da ruwa marar gishiri,
don gishiri ba ya bin tururi.
Jatan lande kamar ƙwayar wake, Talata da Asabar,
in ta ƙi, in tsame, in yi shiru.

Shekaranjiya yatsa ɗaya ya kama.
Ya naɗe, ya kai baki, a hankali kamar mai jin kunya.
Launin shayi ya soma dawowa daga gindi.

Har yanzu tana bayan dutsen.
Ni na ja kujerata zuwa lungu,
tsakanin bango da gilashi,
inda sai na karkata wuya nake hango rabinta.
Lantana kuwa ta rubuta a littafin bashi:
zoɓo, gora goma sha huɗu,
ta ja layi biyu a ƙarƙashin sunana.