Ƙwanƙwasar Gaban Hagu

A Gyumri, in ƙanƙara ta narke,
kwalta kan buɗe baki kamar mai jin yunwa.
Opel ɗin babana, shekara ashirin da shida,
ta san kowane rami da sunansa a hanya.

Tun bara gaban hagu ke ƙwanƙwasa,
ƙwas, ƙwas, kamar baƙon da ke nauyin shigowa.
In na taka birki sai ta durƙusa da hanci,
in na sha kwana sai ta kishingiɗa,
gefe guda ya cinye haƙoran taya.

Hmayak bakanike ya danna kafaɗarta da hannu biyu
ya saki. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta ƙara, ta ƙara,
kamar kwale-kwale a tafkin Sevan.
Ya shafo mai a jikin shokazoba, ya nuna min yatsa:
"Araksi, jininta ya tsiyaye, ba yau ba, ba jiya."

Uku ya jera min a kan benci.
Ta farko gwanjo ce, daga motar da ta mutu a Jamus,
ba wanda ya san nisan da ta riga ta ci.
Ta biyu sabuwa fil, fenti na ƙyalli, kwali ba suna,
kuɗinta bai wuce buhun dankali biyu ba.
Ta uku ta haɗiye rabin albashina na koyarwa.
Araha ba ta ado, in ji masu iya magana,
amma ba su ke biyan kuɗin gas a sanyin Shirak ba.
Na cije na ce a ba ni ta ukun, guda ɗaya.

Ya yi dariya har da tari.
"Wa ke sa sabon takalmi a ƙafa guda?
Biyu za ki saya, hagu da dama,
da robar sama, da kwanon da take juyawa a kai.
In kin raba su, ɗingishi za ta koya."

Ran Asabar muka ɗaga ta a jak.
Baba Vardges na zaune bakin gareji,
yana ta rufe idanunsa shekara uku ke nan,
amma kunnensa na bin kowace sifana.
"Notin ƙasa zai yi gardama," in ji shi. Ya kuwa yi.
Tsatsa ta riƙe shi gam,
sai da mai, da wuta, da guduma, da ɗan zagi
ya yarda ya juya.

Sifirin kuwa ba a yi masa wasa.
Hmayak ya matse shi da maƙata biyu, zare bayan zare,
ya ce in koma gefe:
ƙarfen da ya daɗe a danne
in ya kuɓuce ba ya tambayar wa ke gaba, wa ke baya.

Na tura sandar tsohuwar da tafin hannu,
ta shige ba musu, ta ƙi dawowa.
Na daɗe ina kallonta.
Ita ta kai ni asibiti daren da na haifi Gor,
ita ta bi gawar mama a hankali cikin ruwa.
Ba ta yi ƙorafi ba sai da ta ƙare,
sannan ta sami murya.

Sai da muka sauke motar ƙasa aka yi ɗaurin ƙarshe,
aka kai ta saiti, sitiyari ya miƙe.
Lahadi na ɗauki Baba, za mu Artik gidan ƙanwarsa.
Shiru.
Kwalbar zuma a kujerar baya ko gezau.
Mun wuce gada, mun wuce gidan burodi,
sai ya laluɓo hannuna: "Ina muke?"
Ashe ƙwanƙwasar nan ce taswirarsa,
biyu a gaban coci, uku kafin layin dogo,
da ita yake karanta garin da ba ya gani.
Na sayo laushi, na ɓatar masa da hanya.

Yanzu ni ke ƙwanƙwasawa da baki.
"Baba, ga ramin kantin magani. Ga na layin dogo."
Yakan gyaɗa kai,
ya ce na tsallake ɗaya.