Almakashin Sirina

Shekara arba'in ina ɗaure huhu a Aboabo,
ganyen fita a ƙasa, goro a kai, yayyafin ruwa,
ban taɓa tambayar bishiya yaya ta kwana ba.
Ni dai in ɓare, in ga ja, in ga fari,
in tarar sankara ta riga ni shiga, in yi tsaki in jefar.

Yau Sirina, autata, ta kai ni wurin aikinta.
Ta sa na cire takalmi a ƙofa,
ta rufe mini furfura da hular leda.
Ɗaki mai sanyi, fitilu ba sa barci,
kwalabe a jere, kowace da ɗan tsiro
wanda bai kai farcena ba.

Ta ce, Baba, wannan goro ne.
Na yi dariya har da tari.

Ta ce cikin kowace ƙwayar halitta akwai rubutu,
dogo, kamar hanyar fatake daga Salga zuwa Kano,
harafi huɗu kacal ake ta juyawa.
Akwai gaɓar da cuta ke bi ta shiga,
nan take sa almakashin da ido ba ya gani,
ta datse, tsiron ya ɗinke kansa.

Na ce, uwarki tela ce, Allah ya ji ƙanta,
ba ta yanka yadi sai ta auna sau uku.
Ta ce, ni shekara uku na yi ina awo.
Na ce, wa ya ba ki izini?
Shiru. Injin sanyi na ta gurnani.
Can ta ce, wa ya ba kakanka izinin zaɓen iri,
ya shuka mai garɗi, ya bar mai yauƙi?
Ban amsa ba. Ba wai na gamsu ba ne.

Yaushe zai yi 'ya'ya?
In ya rayu, in an yarda ya fita gona,
shekara bakwai, ko fiye.
Na ƙirga a yatsu. Ina da saba'in da huɗu.
Itace bai san sauri ba,
ko an gyara masa harafi.

A bakin ƙofa na laluba aljihu,
na ɓare marsa guda,
na ba Boakye mai gadi ɓari, na tauna ɓari.
Ɗacin farko, sannan zaƙin da ke biyo bayan ruwa.
Na ce, Sirina, datse abin da za ki datse,
amma ɗacin nan, kada ki taɓa shi.

Ta rubuta a bayan hannunta da biro.
Ko zolayata take yi, ban sani ba.