Lotsattsen Mudu

Ni ce Keziya mai awo a kasuwar Billiri,
rumfa ta uku in ka wuce masu manja.
Shekara goma sha ɗaya ina auna dawa
da mudun da na lotsa wa ƙasa da taɓarya.
Kowane awo, tafi guda na komawa buhuna,
kuma ban taɓa fashin sujadar Lahadi ba.

Sai ga Manzo ya sauka a filin makaranta,
farar kwat, takalmi mai tsinin bakin jaɓa,
janareta biyu, lasifika takwas,
hotonsa ya fi ƙofar majami'armu tsawo.
Ya ce ya ga sunana cikin wahayi,
amma bai ga mudun ba.

Mai a 'yar kwalba, dubu biyar.
Hankicin da ya share gumi, dubu uku.
"Shuka iri, uwata, ki girbi mota!"
Na shuka kuɗin adashi, har da na makarantar Yila.
Ya dafa goshina, na zube kamar buhun gero,
na tashi da ƙasa a zane, mata na guɗa,
abin da ke ƙirjina ko juyi bai yi ba.

Ya ce maƙiyina na cikin dangi.
Wa zan duba in ba Filibus,
ƙanen da muka raba gonar Tal da zagi?
Na yayyafa man a bakin ƙofata
don kada ƙafarsa ta taka.
Mai neman kuka aka jefa da kashin awaki:
mai tayar mini faɗa na je nema,
ba Allah ba.

Dare na bakwai, babu Manzo.
Masu hayar kujeru na kiran lamba a kashe.
Na buɗe kwalba, na shinshina,
man gyaɗa ne, irin na tuyar ƙosai.
Na yi kuka har makwabta suka leƙo,
kukan kuɗi, ba na tuba ba.

Ran kasuwa Afiniki ta zo,
tsohuwar da ke share mana majami'a.
Mudu biyu ta saya, na yi kuskuren canji,
ɗari biyu ta haura.
Da rana tsaka ta dawo a ƙafa, tana haki,
ta ajiye kuɗin a kan dawa,
ta ɗauki mudun, ta shafa lotsawar da babban yatsa.
"Na daɗe da sani, ɗiyata.
Ina saye a wurinki ne
don in riƙa yi miki addu'a daga kusa."
Ta gyara ɗaurin kallabi, ta tafi,
ba ta ƙara ko kalma ba.

Daren nan babu ganga, babu mai dafa goshi.
Ni da fitila da mudu a kan tabarma.
Na ce, "Yesu, ka san tafi nawa ne,
ni lissafin ya ɓace mini."
Kunya ta sauko kamar ruwan Agusta,
a bayanta wani abu mai sanyi
da ban san sunansa ba.

Da safe na kai mudun maƙera.
"Buga shi ya koma yadda aka ƙera shi."
Kowace guduma sai na ji ta a haƙarƙari.
Riba ta ragu. Motar ba ta zo ba.

Na je Tal ran Asabar da ƙullin gyaɗa.
Filibus ya bar ni tsaye a rana.
Zuwa na biyu ya turo kujera da ƙafa,
na uku ya ce, "Kin sha ruwa?"
Iyakar gonar na nan inda take,
ba mu taɓa zancenta ba.

Kada ku sa ni gaba in ba da shaida.
Jiya ma harshena ya yanki wata mai ciniki,
kuma hannuna, in ina tsiri a awo,
yakan so ya tuna tsohon hali.
Ana kan bugu, ina jin guduma.
Maƙerin bai gama ba.