Maɓalli

Ran Laraba ta shigo shagona a Aboabo,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Tsohuwa 'yar firit, kai fari fat,
Mama Lumin, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin layinmu,
har da tawa.

Ta kwance leda, ta fito da riga.
Kaki ce da ta koɗe ta koma toka,
da huji biyu a ƙirji, dab da juna,
kamar hancin ɗan maraƙi.
Na ce, Mama, sidi biyar, na toshe kafin la'asar.
Ta ce, Gariba, wa ya aike ka?
Maɓalli ne ya faɗi.

Ina laluben gwangwani, ta zauna kan buhun ƙyalle,
Hausarta na ɗingishi, tana dogara Tonanci.
Ta ce a ƙasarsu, Filifin, yaƙin duniya ya ƙare
amma gonar da ubanta ke nomawa ba ta ji labari ba.
Buhu goma, bakwai na mai ƙasa.
Sai ta bi masu hawa dutse,
tana 'yar sha bakwai,
da almakashi da kwalbar aidin.

A can ba mai amsa sunan yanka.
Shi Kidlat suke ce masa, wato walƙiya,
alhali mutum ne mai nawa, ga in'ina,
loma ɗaya yake tauna har a tashi sansani.
Shi ke cire mata matsattsaku daga ƙwauri
da garwashin taba.
Iyakar zancen da ya je ke nan.

Kwamanda ya ɗaura auren cikin duhu,
ba a hura wuta ba don kada jirgi ya hango.
Sadaki harsashi ɗaya.
Abincin biki rogo, ba gishiri.
Ta yi dariya a nan, har da tari,
ta ce ko yanzu ba ta yafe wa rogo ba.

Ta haihu ƙarƙashin ganyen ayaba, da tsumma a baki.
Kukan jariri kiran soja ne,
don haka kwana tara ta sauka ƙauye,
ta miƙa 'yar ga wata mai sayar da kifi,
ta koma sama, nono na jiƙa mata gaba.

Shi kuwa gishiri ya tafi nema.
Rigar kaɗai aka dawo da ita.
Sai a gidan yari wani soja ya karanto daga takarda:
Anakleto.
Ta ce masa, wane ne haka?

Na ce, yarinyar fa?
Ta kalli ruwan da ke gudu a kwata.
Ta ce tana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu.
Shekara talatin ina karɓar haihuwa a garin nan,
na san tekuna nawa ne tsakani,
na san ta girme wa iyayenku,
amma ban taɓa miƙa jariri ba sai na juya kunnen.
Kai ma na juya naka.

Maɓallin da na samu bai dace ba,
ya fi 'yan'uwansa duhu.
Ta ce bar shi, shi ma haka yake cikin mutane.
Na ɗinka da hannu, keke bai cancanta ba.
Na ƙi kuɗi, ta ajiye kan teburin guga,
ta cusa rigar cikin tata rigar,
ta fita ba lema.

Tun Lahadi ba ma magana da Lantana
a kan kuɗin gawayi.
Kwana uku tana aiko yaro, gishiri ya ƙare,
ina cewa na ji.

Na ja ƙofa tun kafin a kira la'asar,
na ratsa taɓo har kasuwar Asawase,
na sayo ƙulli biyu.
Tana tankaɗe a bakin murhu, ba ta ɗago ba.
Ta ce, lafiya da wuri haka?
Na ajiye kusa da ƙafarta.
Na ce, na dai dawo.